Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Duk bayan 'yan shekaru sai masu shirya fina-finai na Amurka ko Indiya su sake kashe duniya da ƙishirwa. Tsarin kusan ɗaya ne. Koguna sun ƙafe, teku ya koma filin gishiri, ƙasa ta tsattsage kamar faso a dugadugin manomi, mutane sanye da tsumma suna yawo da gwangwani a hannu. Can sama, a kan dutse ko cikin wani gini da ke rataye a sararin samaniya, akwai azzalumi guda da ya kwashe ragowar ruwan duniya ya kulle. Sai jarumi ya ɓullo daga inda ba a sani ba, a kwashe awa biyu ana fashe-fashen motoci, a kashe bos, a saki ruwa, sunayen 'yan wasa su fara hawa.

Mu a Gyallesu muna kallon waɗannan fina-finai kamar kowa. Ana tura mana su a waya a shagunan Tudun Wada, wasu da Turancinsu, wasu an juya su da Hausa har bos yana zagi da karin harshen Kano. Muna jin daɗinsu, ba ma ɓoyewa. Amma wanda zai ajiye waya ya fita neman mai kura kafin a ɗora sanwa ya fi alƙalan da ke raba kyaututtuka a Amurka cancantar faɗin ra'ayi a kan fim ɗin ƙishirwa. Ra'ayinmu kuwa shi ne, fina-finan nan ƙarya suke yi a kan ƙishirwa, kuma ƙaryar tana yi wa waɗanda suka bar mu da busasshen famfo amfani.

Mu ɗauki wanda ya fi suna, Mad Max: Fury Road, na darakta George Miller ɗan Ostareliya, da ya fito a 2015. An kashe masa fiye da dala miliyan 150, ya kuma lashe kyautar Oscar shida. Bos ɗin fim ɗin, Immortan Joe, yana zaune a kan wani ƙaton dutse yana zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Idan ya ga dama sai ya ja ƙarfe, ruwa ya kwararo daga manyan bututu a kan talakawan da suka taru a gindin dutsen, suna turereniya da kwanuka, rabin ruwan yana bin ƙasa. Kafin kowa ya cika kwanonsa ya rufe, ya kuma yi musu nasiha kada su saba da ruwa. A wannan duniyar da babu ruwa babu mai, an ɗaure wani makaɗi a gaban mota cike da lasifikoki, jitarsa tana aman wuta. A ƙarshe wata jaruma mai suna Furiosa da baƙon nan Max suka kashe Joe, aka saki ruwa, jama'a suka yi sowa, fim ya ƙare.

A matsayin kallo, babu laifi. A matsayin bayanin yadda mutane ke rasa ruwa, kusan komai a ciki juye yake.

Abu na farko da suka juya shi ne lokaci. Fim ɗin Indiya Kalki 2898 AD, da ya fito a 2024, a cikin sunansa ma ya rubuta shekarar: sai nan da ƙarni takwas da ɗoriya kogin Ganga zai bushe, masu mulki su tattara ruwa da tsirrai a wani gini da ke saman birnin Kashi. Saƙon shi ne ƙishirwa aba ce mai zuwa, gargaɗi ne ga tattaɓa-kunnen tattaɓa-kunne. An rubuta wannan gargaɗi ne don mutumin da bai taɓa murɗa famfo ya ji iska kawai tana fita ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da tsabtataccen ruwan sha da za su dogara da shi a gidajensu. Kusan mutum ɗaya ke nan a cikin kowane huɗu. Su ba sai sun jira 2898 ba.

Ku tuna abin da ya faru a Cape Town ta Afirka ta Kudu a farkon 2018. Bayan fari na shekara uku, hukumomin birnin suka sanar da ranar da za a rufe famfuna, kuma daga 1 ga Fabrairu aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana. Kafafen yaɗa labarai na duniya suka ɗauka, aka yi ta ƙidayar kwanaki kamar ana jiran tashin alƙiyama. Ranar ba ta ma zo ba. To, lita 50 jarka biyu ce mai lita 25. Gidan mutum goma a Gyallesu da zai riƙa samun jarka 20 kullum, wato kusan kura biyu, ai gidan masu hali ne. Abin da aka kira bala'i a can, a nan wadata ce. Ranar da famfon layinmu ya ɗauke kuwa ba a sa mata suna ba, don ba rana ɗaya ba ce. Yana zuwa sau uku a mako, ya koma sau ɗaya, ya koma sai tsakar dare, ya koma labarin da iyaye ke ba yara. Bala'in da ya zo da rarrafe haka ba ya samun mai ɗaukar hoto.

Abu na biyu da suka juya shi ne dalili. A fim, ruwa ƙarewa ya yi. Sama ta hana, ƙasa ta hana, babu wanda za a tuhuma sai ƙaddara da mugu guda. Akwai wani abin dariya a tarihin Fury Road ɗin kansa. An shirya ɗaukarsa ne a Broken Hill ta Ostareliya, sai aka tafka ruwan sama, hamadar ta yi kore shar, furanni suka fito. Dole aka kwashe motoci da ma'aikata aka tsallaka teku zuwa hamadar Namibiya, aka ɗauka a 2012. Fim ɗin fari ya gudu daga ruwan sama, don ruwan ya ɓata masa labari.

Mu ma ruwan sama yana ɓata labarin da ake son a ba mu. Zariya tana samun kusan milimita 1,000 na ruwa a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 yana karɓar kusan lita 100,000 a damina guda, jarka 4,000, yawancinta tana bin indararo ta faɗa kwata. A watan Agusta ruwa yake cin gidajen ƙasa yana yanke hanyoyi. Kubanni tana ratsa gari, ta wuce ta gefenmu ta je ta haɗu da Galma, masu lambu suna noman rani a bakinta. Wannan ba hamada ba ce. Mai neman hujjar fim a Zariya sai ya rufe ido wata shida a kowace shekara.

Gaskiya ne ƙasarmu ba ta riƙe ruwa da yawa a cikinta. Zariya a kan dutse take zaune, irin wanda ya leƙo a Kufena. Ruwan ƙasa yana taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, shi ya sa rijiyoyin gida ke ja baya daga Fabrairu, kafin Afrilu guga yana dawowa da laka. Amma wannan ba sabon ilimi ba ne. Saboda shi aka gina wa garin matatar ruwa tun 1939, shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya, mai tace lita miliyan 10 a rana. A 1975 aka ƙara wata mai lita miliyan 50. Gari ya ci gaba da faɗaɗa, jami'a da kwalejoji da barikoki suka cika, unguwanni suka haɗe da ƙauyuka, injuna suka tsufa.

A 2008 gwamnatin Namadi Sambo ta ba da kwangilar sabuwar matata mai lita miliyan 150 a rana. Gwamnatin tarayya ta ɗauki aikin madatsar ruwa ta Galma a Kuzuntu, cikin ƙaramar hukumar Kubau. Aka ciwo bashi daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Afirka don manyan bututu da tankuna da rarraba ruwa cikin unguwanni. A 2017 Gwamna Nasir El-Rufai ya ƙaddamar da matatar, a 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da kashi na biyu. Wasu layuka sun ga ruwa, an yi murna, kuma murnar tana kan hanya. Amma gwamnatin jiha da ta hau a 2023 da bakinta ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa, kuma ba a ayyana ta-ɓaci a kan abin da ke tafiya daidai.

Mu yi lissafin da kowane ɗan firamare zai iya. Lita miliyan 150 jarka miliyan 6 ce a kowace rana. Idan aka raba ta a kan lita 50, mafi ƙarancin abin da masana lafiya ke cewa mutum yana bukata don sha da girki da wanka da wanki, za ta ishi mutum miliyan 3. Ruwan yana nan a kogi, madatsar tana nan, matatar tana nan, bashin ma yana nan ana biya da kuɗin jama'a. Hausawa sun riga sun yi wa wannan yanayi suna: rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wannan guga shi ne abin da fim ba zai taɓa nunawa ba, don ba ya fashewa kuma ba ya aman wuta. Kafin ruwa ya taso daga Galma ya iso bakin randa, sai an samu wutar lantarki mai ƙarfi da za ta juya injunan turawa dare da rana. Sai an sayi alif da kulorin a kan kari. Sai an biya ma'aikacin da ke kwana a wurin inji albashinsa. Sai bututun da aka binne tun zamanin kakanni bai ruɓe ba, mai gyaran titi bai haƙe shi da katafila ya rufe ya tafi ba, ɓarawon ƙarfe bai sare shi ya kai wa 'yan gwangwan ba. Sai an kawo takardar kuɗin ruwa, an biya, kuɗin ya shiga inda ya kamata. Igiya ce mai ƙulli da yawa, ko ɗaya ya kwance guga ya faɗa. Kuma kowane ƙulli akwai mutum mai suna da ofis da aka ɗora wa alhakinsa. Wanda ya ce mana ruwa ne ya ƙare a duniya ya wanke duk waɗannan mutane tas, ba tare da ya ɓata ko kofi ɗaya ba.

Sai batun bos. Labarin baƙon da ya zo ya kashe mai tsare ruwa ba a Hollywood aka fara shi ba, namu ne. Bayajidda ya sauka Daura da dare, ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa, ta ce babu, domin macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, gari ya samu ruwa, ya auri sarauniya. Rijiyar tana nan a Daura har yau. Saboda haka mun san daɗin wannan labari tun kafin a ƙera kyamara, mun kuma san inda ya tsaya. Ya tsaya ne a daren da aka kashe maciji. Bai faɗi wanda ya riƙa yashe rijiyar ba, ko wanda ya sayi sabuwar igiya da tsohuwar ta tsinke.

Mu kuma faɗi gaskiya a kan macijin nan: yana da rana. Matan Daura sun san idan Juma'a ta zo za su cika tuluna, su tsara wankinsu da girkinsu a kan haka. Matar da ke Gyallesu a yau ba ta da wannan gatan. Takan bar famfo a buɗe da bokiti a ƙasa, ta kwanta kunnenta na waje, ko Allah zai sa ta ji ɗigo da ƙarfe ukun dare.

Illar labarin bos ita ce yana koya mana jira. Muna jiran mugu mai abin rufe fuska da za mu tsana, muna jiran baƙo mai takobi da zai cece mu. Namu masu riƙe da guga ba su da abin rufe fuska. Muna haɗuwa da su a ɗaurin aure, muna sahu ɗaya a masallaci. Wani jami'i ne da ya sa hannu a kan aikin da bai je ya gani ba. Wani ɗan kwangila ne da ya sa siririn bututu inda aka biya shi kuɗin mai kauri. Wani kuma maƙwabcinmu ne da ya huda babban bututu cikin dare ya ja layi zuwa gidan wankin motarsa, ko mu kanmu da muke ganin ruwa yana ɓulɓula a titi kwana uku, kowa ya ɗage riga ya tsallake. Babu kai guda da za a sare gari ya sha.

Dutsen Immortan Joe ma muna da irinsa, sai dai ba ɗaya ba ne, dubbai ne. Ku ɗaga kai a kowace unguwa ku ƙirga baƙaƙen tankunan da ke kan dogayen ƙarafa a bayan katanga. Duk mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa janareta ko sola, ya fita daga sahun masu jiran famfo. Ba mu ce mugaye ba ne. Da yawansu sun fito da kan famfo waje don maƙwabta, suna koyi da Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, Allah ya saka musu. Amma sadaka tana da lokacin buɗewa da na rufewa, kuma ranar da mai gida ya yi tafiya ko inji ya ƙone, layi ya watse. Inda burtsatse ta yi yawa kuma takan janye ruwan ƙasa, rijiyar talakan da ke kusa ta riga lokacinta ƙafewa. Mafi muni, duk wanda muryarsa ke isa gidan gwamnati ya riga ya sallami kansa. Famfon gwamnati ya zama na waɗanda ba a jin kukansu, shi ya sa zai iya shekara a bushe ba a kira taron gaggawa ba.

Yanzu ga inda fim ya fi yi mana ɓarna, wato fitowar ƙarshe. A fim, da an saki ruwa an gama. Ba a nuna washegari, ranar da za a tambayi wa zai zuba wa injin mai, wa zai raba ruwan layi-layi, wa zai hana mai ƙarfi ture mai rauni. 'Yan siyasarmu sun haddace wannan fitowa fiye da kowane darakta. A kafa rumfa, a kawo makaɗa, babban baƙo ya yanke ƙyalle, ya murɗa famfo, ya tara hannu ya kurɓa a gaban kyamara, a tafa. Daga kansila zuwa sanata, kowa yana da hotonsa a gaban tanki mai ɗauke da sunansa da manyan baƙaƙe. Ku zagaya bayan shekara biyu ku ga nawa ne ke zubar da ruwa, nawa ne suka zama wurin ɗaure awaki. Sunan yana nan, fentin bai ma goge ba. Mun saba da karɓar bikin buɗewa a matsayin aikin kansa, har ba ma tambayar kasafin gyara. Gyara ba shi da rumfa, ba shi da makaɗa, ba a sa wa wanda ya canja wa inji ƙarfe suna a allo. Amma a wurin gyara ruwa yake.

Ƙishirwar fim tana kashe mutum a tsaye, leɓe a bushe, a tsakiyar rairayi. Tamu ba haka take kisa ba. Ba a rasa abin da za a sha, abin da ake sha ne matsalar. A unguwa mai cunkoso, inda rijiya da masai ke kusa da juna, damina tana haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. A 2021 Najeriya ta ga ɓarkewar amai da gudawa da aka yi zargin ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 3,500, mafi yawansu a jihohin Arewa, kuma yara suna cikin waɗanda ta fi kamawa. Wannan ya faru ne shekara uku bayan gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabtar muhalli a Nuwamban 2018. Babu mota ko ɗaya da ta fashe. An dai yi ta ɗaukar ƙananan makara.

Tana kuma cin lokaci. UNICEF ta ƙiyasta a 2016 cewa mata da 'yan mata a duniya suna ɓatar da awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗebo ruwa. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Yarinyar da ke layin burtsatse da ƙarfe bakwai na safe, gammo a hannu, ita ce wadda malami zai yi wa bulalar makara da ƙarfe takwas. Ɗalibin Kongo ko na kwalejin ilimi da ya zo neman ɗakin haya a Gyallesu, kafin ya tambayi kuɗi sai ya tambayi ruwa. Mai wanki da guga, mai shayi, mai markaɗe, mai ƙosai, kowa yana saka kuɗin jarka a cikin farashinsa, mu biya sau biyu. Kowane magidanci ya zauna ya ninka kuɗin kurar da yake saya sau kwanakin wata, ya ɗora na ruwan leda, ya gwada da abin da yake samu. Talaka ne ke sayen ruwa mafi tsada a garin nan, don shi yake saye jarka-jarka.

Kada kuma haushi ya kai mu ga ɗan ga-ruwa. Idan farashi ya tashi shi muke gani, shi muke yi wa tsawa. Mutumin da ke tura jarka goma ko sha biyu, nauyin da ya kai kilo 250 zuwa 300, a kan hanyar da ta fashe, cikin zafin Afrilu, wani lokaci da azumi a bakinsa, ba shi ya hana ruwa ba. Shi ma saye yake a wurin mai burtsatse, mai burtsatse kuma yana sayen mai. Da ƙafarsa da ƙashin bayansa yake yin aikin da aka ciwo bashin miliyoyin daloli don bututu ya yi. Idan ana neman jarumi a labarin ruwan Zariya, ga shi nan yana wucewa ta ƙofar gidanmu sau goma a rana, ba mu ma san daga wane gari ya zo ba.

Za a ce mana, ai fim ne kawai, nishaɗi ne, wa ya ce ku nemi darasin injiniya a wurin Max? Mun ji. Ba mu ce a daina kallo ba, kuma ba mu nemi a hana kowa tura shi ba. Amma labari yana gina wa mutum ma'aunin da yake auna rayuwarsa. Wanda ya saba ganin cewa matsalar ruwa ita ce duniya ta zama toka, idan ya dubi layin jarkoki a ƙofar gidansa sai ya ga ai mu da sauƙi, Allah ya kyauta. Ya daina ganin abin a matsayin zalunci, ya koma ganinsa kamar yanayin gari, irin hunturu da bazara.

Za a kuma ce, to sauyin yanayi fa, ƙarya ne? Ba ƙarya ba ne. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980, manoma da makiyaya da masunta sun ɗanɗana. A 2019 sai da aka riƙa kai wa birnin Chennai na Indiya ruwa a jirgin ƙasa. Damina tana rikicewa, zafi yana ƙaruwa. Amma wannan dalili ne na a gyara guga tun rijiya tana da ruwa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Garin da ya kasa kai ruwa gida-gida alhali Galma tana cike, me zai yi ranar da ta ja baya? Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki sauyin yanayi a mai da shi bargon da kowane mai sakaci zai lulluɓa da shi.

Kalmarmu ta gaba ga marubuta ce da masu shirya fim na gida, don wannan shafi nasu ne. Ɗaya daga cikin littattafan da aka fara ƙagaggen labarin Hausa na boko da su, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da aka shirya a nan Zariya a 1933, labarin neman ruwa ne. Bayan shekara 90 muna da dubban littattafai a waya da ɗaruruwan fina-finai masu dogon zango, kuma a cikinsu ruwa ba ya yankewa. Jaruma tana fitowa daga wanka a gidan bene, ana kawo wa baƙo ruwan roba a faranti, babu mai tambayar daga ina. Marubuciyar da ta rubuta wannan fitowa wataƙila da asuba ta gama rigima a layin famfo. Me ya sa abin da ya cinye mata safiya bai isa shiga littafinta ba?

Ba kuɗi ne ya hana ba. Wanuri Kahiu 'yar Kenya ta yi Pumzi a 2009, gajeren fim da bai kai rabin awa ba, a kan duniyar bayan yaƙin ruwa, kuma ta rufe shi da mace tana shayar da tsiro da ragowar ruwanta maimakon kashe bos. Mu ba ma bukatar zuwa wata duniyar. A rubuta mana ma'aikacin matata da ya san abin da ya lalace da kuɗin gyaransa, ya rubuta takarda sau bakwai ba amsa. A rubuta kishiyoyi biyu da randa ɗaya a watan Afrilu. A rubuta ɗan ga-ruwa da ya san sirrin kowane gida a layi saboda shi kaɗai ke shiga har tsakar gida. A rubuta mai unguwar da aka kawo wa burtsatse ana saura wata biyu zaɓe, aka ce ya zaɓi ƙofar da za a haƙa. Duk abin da ake nema a labari, kishi da amana da cin amana da soyayya, yana cikin layin jarka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma idan bai faɗa ba, wani zai zo daga Ostareliya ya gaya masa cewa matsalarsa jita ce mai aman wuta.

Mu mazauna unguwa kuma akwai abin da ke hannunmu. Kowane layi ya samu littafi guda da mutum guda da zai riƙa rubuta ranar da ruwa ya zo da awa nawa ya yi. Bayan wata uku muna da hujjar da ba a musa ta da jawabi. Duk mai neman ƙuri'a da ya zo da alƙawarin sabuwar burtsatse, a fara zagayawa da shi ya ga tsofaffin, a tambaye shi wa zai gyara, da wane kuɗi. Mai gini ya sa tanki a ƙarƙashin indararo kafin ya sa tayil a falo. Idan ruwa ya zo aka kawo takarda, mu biya, don mu samu bakin magana. Idan bututu ya fashe, mu kai rahoto a rubuce, mu ajiye kwafi.

Ga waɗanda aka damƙa wa gugan kuwa, ba mu roƙi abin al'ajabi ba. A gaya mana lita nawa matatar ke fitarwa a yau cikin miliyan 150 da aka gina ta don su, a kuma riƙa faɗa kowane wata. A liƙa jadawali a ƙofar mai unguwa da masallatai, a sa a rediyo: Gyallesu rana kaza, Tudun Jukun rana kaza, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Idan ba zai zo ba, a faɗa tun jiya, a faɗi dalili. Ko sau ɗaya ne a mako, a faɗi ranar a kuma cika. Macijin Kusugu ma ya yi wa mutanen Daura wannan adalcin.